Ziyarar Birnin Singafo da Otal ɗin Raffles

Ya kai ɗalibi, ka ɗauki taswirar duniya ka dubi kudu maso gabashin nahiyar Asiya. A ƙarshen zirin ƙasar Malesiya za ka ga wani ɗan tsibiri. Wannan shi ne Singafo, wanda birni ne kuma ƙasa ce mai cin gashin kanta tun ranar 9 ga Agusta, 1965. Faɗinta bai kai kashi ɗaya bisa huɗu na Jihar Legas ba, amma mutanenta sun kai kimanin miliyan 6. Harsuna huɗu gwamnati ta amince da su: Ingilishi, Malayanci, Sinanci da Tamilanci.

Matafiyi daga Nijeriya yakan sauya jirgi a Adis Ababa, Doha ko Dubai kafin ya sauka a filin jirgin saman Changi. Da saukarka sai ka gyara agogonka, domin Singafo tana gaban Nijeriya da awa 7. Garin yana da zafi da gumi, kuma ana ruwan sama a kowane wata, saboda haka kada ka manta da laima. Ka kuma kiyaye doka. Wanda ya yar da shara a titi yana iya biyan tara mai yawa.

A tsakiyar birnin, dogayen gine-ginen gilashi sun kewaye wani farin gini mai hawa uku. Shi ne Otal ɗin Raffles. An sa masa sunan Stamford Raffles, Baturen Ingila wanda ya kafa tashar ciniki a tsibirin a 1819. Bayan an buɗe mashigin ruwa na Suez a 1869, jiragen ruwa daga Turai suka yawaita, baƙi kuma suka buƙaci masauki. Wasu 'yan'uwa Armeniyawa da ake kira Sarkies suka lura da haka. Suka karɓi hayar wani gida a bakin teku, suka buɗe otal mai ɗakuna 10 a watan Disamba na 1887. A 1899 aka gama babban ginin da ake gani yau, da fitilun lantarki da fankoki, abin da ba a saba gani ba a wancan zamani.

Ka lura da adireshin otal ɗin. Yana kan titin Beach Road, wato Titin Bakin Teku. Amma idan ka tsaya a ƙofarsa ba za ka ga teku ba. Dalili shi ne, mutanen Singafo sun yi shekaru suna cike bakin ruwa da ƙasa da yashi don su sami filin gini. Otal ɗin bai gusa ba, tekun ne ya ja da baya. Sunan titin kaɗai ya isa ya nuna maka yadda ƙarancin fili ya tilasta wa birnin ya faɗaɗa cikin ruwa.

Ginin ya ga abubuwa da yawa. A 1902 wata damisa mai zane ta kuɓuce daga hannun masu wasa da dabbobi, ta ɓuya a ƙarƙashin ɗaya daga cikin gine-ginen otal ɗin, aka harbe ta a wurin. Marubuta irin su Rudyard Kipling da Somerset Maugham sun ziyarce shi. A lokacin mulkin mallaka, mafi yawan baƙinsa Turawa ne, 'yan Asiya kuwa su ne masu hidima. Daga 1942 zuwa 1945 sojojin Japan suka mamaye Singafo, suka sauya wa otal ɗin suna, manyan hafsoshinsu suka zauna a ciki.

Idan ka sauka a nan yau, masu tsaron ƙofa sanye da fararen kaya da rawani ne za su tarbe ka. Ɗakunan suna da rufi mai tsawo da baranda, kuma suna fuskantar farfajiya mai itatuwan kwakwa da ciyawa. An gina su haka ne don iska ta riƙa ratsawa, tun kafin a ƙirƙiro na'urar sanyaya ɗaki. Kuɗin kwana a wurin yana da tsada ƙwarai, amma wanda ba shi da hali yana iya zagaya shagunan otal ɗin da farfajiyarsu. Daga nan tafiyar ƙafa ce zuwa Masallacin Sultan a unguwar Kampong Glam, da kuma rumfunan abinci inda ake sayar da shinkafa da kaza a kan farashi mai sauƙi.

To, me ya sa ba a rushe wannan gini ba, alhali fili yana da tsada haka? An rushe tsofaffin gidaje da yawa a Singafo don gina sababbi. Amma a 1987, da otal ɗin ya cika shekara 100, gwamnati ta sa shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa waɗanda doka ta kare. An rufe shi don gyara daga 1989 zuwa 1991, aka sake yin haka daga 2017 zuwa 2019. Hausawa suna cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Da an rushe shi, da yaran Singafo sun rasa wurin da za su tsaya a nuna musu inda teku yake a da.

Tambayoyi
1. Su wane ne suka buɗe Otal ɗin Raffles, kuma a wace shekara?
2. Me ya sa ba a ganin teku daga titin Beach Road yanzu?
3. Wane tsohon gini ne a garinku ya cancanci a kare shi? Kawo dalilai biyu.