Dogon zango: Fagen da ya fi wahalar da masu gwajin rediyo

Duk mai sauraron rediyo a ƙauyukan Ikara, Makarfi da Kudan, a arewacin jihar Kaduna, ya san cewa da rana tashoshi kaɗan ne ke shiga akwatinsa a kan matsakaicin zango, amma da zarar dare ya yi sai muryoyin tashoshi masu nisa su fara kutsowa.

Ya kuma san cewa idan hadari ya haɗu, ƙarar tsawa kan shiga akwatin tun kafin a ga walƙiya.

Waɗannan abubuwa biyu, wato tafiya mai nisa da kuma hayaniya, su ne ke jan hankalin masu gwajin rediyo don sha'awa zuwa wani fage da ke ƙasa da matsakaicin zango, wanda ake kira dogon zango. Su ne kuma suka sa fagen ya zama mafi wuya a gare su.

Su wane ne masu wannan gwaji?

Mutane ne da ke haɗa na'urorin aika saƙo da hannunsu, ko su saya, domin tuntuɓar junansu da neman ilmi, ba domin kasuwanci ko watsa shirye-shirye ba.

Kowannensu na da lasisi daga hukumomin ƙasarsa, da kuma lambar kira. Lambobin 'yan Nijeriya kan fara ne da 5N, na 'yan Nijar kuma da 5U.

A shekarar 1912, wata doka a Amurka ta kore su daga dogayen zanguna, ta taƙaita su ga waɗanda ba su wuce mita 200 ba, bisa zaton cewa gajerun ba su da wani amfani.

Sai dai a shekarar 1923 wasu daga cikinsu a Faransa da Amurka suka yi musayar saƙo ta ƙetaren tekun Atlantika a kan zango mai kimanin mita 100. Wannan na daga cikin abubuwan da suka buɗe ƙofar gajeren zango, wanda manyan gidajen rediyon duniya suka rungume shi daga baya.

An shafe shekaru da dama kafin a sake ba su gurbi a dogon zango. A shekarar 2007 ne babban taron Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, da aka yi a Geneva, ya ware musu daga kilohaz 135.7 zuwa 137.8. A taron shekarar 2012 kuma aka ƙara musu daga kilohaz 472 zuwa 479, ɗan ƙasa kaɗan da inda allurar matsakaicin zango ke farawa.

Kowace ƙasa ce ke yanke hukunci a kan ko za ta buɗe wa 'yan ƙasarta waɗannan gurabe. Amurka, alal misali, sai a shekarar 2017 ta yi hakan.

Matsalar tsawon eriya

Mitocin da masu gabatar da shirye-shirye ke ambatawa, kamar mita 49 da Rediyon Kaduna ya yi suna a kai, tsawon igiyar rediyon ne da kanta. Ƙa'ida kuwa ita ce, eriyar da za ta aika saƙo da kyau tana bukatar ta kai kimanin rubu'in wannan tsawo.

A kan zangon FM, inda tsawon igiyar kimanin mita 3 ne, ƙarfe mai tsawon santimita 75 ya wadatar.

A kan kilohaz 594, inda aka san Rediyon Kaduna a matsakaicin zango, tsawon igiyar ya ɗara mita 500, don haka ana bukatar turke mai tsawon mita 126 ko makamancin haka.

A kan kilohaz 136 kuwa, igiyar ta kai mita 2,200, rubu'inta kuma mita 550 ne, wato fiye da rabin kilomita a tsaye.

Gwamnatoci ma ba kowacce ke iya wannan ba. Turken dogon zango da ƙasar Poland ta gina, mai tsawon mita 646, shi ne gini mafi tsawo a duniya a zamaninsa, kuma ya rushe a shekarar 1991 lokacin da ake yi masa gyara.

Mai gwaji a gida ba ya samun abin da ya wuce mita 10 zuwa 20. Yakan miƙa wayoyi a kwance daga saman turken zuwa bishiyoyi, sannan ya naɗe ɗaruruwan mitoci na wayar tagulla a jikin bokiti ko durom na roba, domin eriyar ta amsa zangon da ake so.

Duk da haka, a irin wannan eriya, abin da ke fita sararin samaniya sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 1,000 na wutar da aka zuba ba. Sauran duk yakan zama zafi a cikin wayoyi da ƙasa da itatuwan da ke kusa.

Ƙa'idar ITU ta ce ƙarfin da zai fita daga eriyar kada ya wuce wat 1. Amma kafin a kai ga wannan wat ɗin guda, mai gwaji na iya bukatar na'ura mai ƙarfin ɗaruruwan wat, wani lokaci har dubu.

Akwai kuma haɗari. Ƙarfin lantarkin da ke taruwa a kan irin wannan eriya kan kai dubban bolt, abin da zai iya ƙona mutum ko ya tada gobara.

Fadama da tudu

A dogon zango, ƙasar da eriya ke tsaye a kai rabin eriyar ce, domin ta cikinta ne lantarki ke komawa na'ura. Ƙasa mai damshi tana barin wuta ta ratsa ta cikin sauƙi, busasshiya kuwa tana cinye ta.

Wannan na nufin a yanki irin na Makarfi da Kudan, fadamun da ake noman rake a cikinsu sun fi dacewa da wannan aiki a kan tudu mai tsakuwa da marmara.

Haka kuma eriyar da aka daidaita a watan Agusta, lokacin da ƙasa ta ƙoshi da ruwa, za ta bukaci sabon saiti a watan Maris, lokacin da ta bushe ƙamas. Maganin da aka sani shi ne a shimfiɗa wayoyi masu yawa a ƙarƙashin ƙasa, daga gindin turke zuwa kowace kusurwa, abin da ke bukatar fili da kuma kuɗin tagulla.

Tsawa, hunturu da janareta

Kowace walƙiya tamkar tashar rediyo ce mai ƙarfin gaske, kuma mafi yawan ƙarfinta a ƙananan zanguna yake. Nahiyar Afirka na daga cikin wuraren da suka fi ko'ina yawan tsawa a duniya, musamman yankin Kongo.

Saboda haka, daga watan Mayu zuwa Oktoba, mai sauraro a arewacin Kaduna na fama da hadarin da ke kansa, da kuma wanda ke da nisan ɗaruruwan kilomitoci. Lokacin hunturu ne ya fi samun sarari, ko da yake busasshiyar iska mai ƙura kan tara lantarki a jikin doguwar waya, wanda ke iya lalata akwatin idan ba a haɗa wayar da ƙasa ba.

Sai kuma hayaniyar da ɗan Adam ke haddasawa. Janareta, da inbata ta wutar sola, da cajar waya mai araha, da ƙwan fitila na zamani, duk suna fitar da ƙara a waɗannan zanguna.

A nan mazauna karkara sun fi na birni sa'a. Mai akwatin batir a wata gona a Ikara zai iya jin abin da mazaunin Sabon Garin Zariya ko Kano ba zai ji ba, kuma lokacin da aka ɗauke wuta kan fi kowane lokaci tsabtar sauraro.

Saƙo mai tafiyar hawainiya

Faɗin gurbin da aka ba su a kan kilohaz 136 bai wuce kilohaz 2.1 ba, alhali tashar matsakaicin zango guda ɗaya a Afirka tana cin kilohaz 9. Don haka muryar mutum ba ta da wuri a ciki.

Abin da ake yi shi ne komawa ga alamomin Morse na zamanin tangarahu, a kuma aika su a hankali ƙwarai, ta yadda ɗigo guda zai ɗauki daƙiƙoƙi ko ma minti. Kunne ba ya jin irin wannan saƙo, kwamfuta ce ke tace shi daga cikin hayaniya, ta zana shi a kan allo.

Ta wannan hanya ce, a watan Fabrairun 2001, Laurie Mayhead na Ingila da Larry Kayser na Kanada suka yi musayar saƙo ta ƙetaren Atlantika a wannan zango. Sai da suka shafe kusan makonni biyu kafin su kammala 'yar gajeruwar tattaunawar.

A shekarar 2008, Joe Taylor, wani masanin kimiyya Ba'amurke da ya ci lambar yabo ta Nobel a 1993, ya fitar da manhajar WSPR. Tana aika lambar kira da wurin da mutum yake da ƙarfin na'urarsa cikin kusan minti biyu, masu sauraro kuma su sanya abin da suka kama a intanet.

Mece ce ribar wahalar?

Igiyar dogon zango tana bin doron ƙasa, ta ratsa tuddai da dazuzzuka, ba kamar ta FM ba da ke tafiya kusan iya ganin ido. Da dare kuma takan daki wani rufi na iska mai ɗauke da lantarki a can sama, ta dawo ƙasa a wuri mai nisa.

Wannan ne ya sa aka daɗe ana amfani da ita wajen yi wa jiragen ruwa da na sama jagora. Tashoshin da ke nuna wa matuƙa jirgin sama hanya a waɗannan zanguna kan maimaita sunansu da alamomin Morse, kuma sanin aikinsu na cikin tsofaffin darussan tuƙin jirgi, irin wanda ake koyarwa a Kwalejin Sufurin Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa a 1964.

A ƙarshen shekarar 2021, lokacin da aka katse layukan wayar salula a wasu sassan jihohin Zamfara da Katsina da Kaduna saboda matsalar tsaro, akwatin rediyo ya zama babbar hanyar jin labari ga jama'a da dama. Gwajin dogon zango ba zai maye gurbin waya ba, ganin jinkirinsa, amma wanda ya iya shi ya san eriya da ƙasa da lantarki, ilmin da kowace tashar rediyo ke bukata.

Aika saƙo ba tare da lasisi ba laifi ne a dokar Nijeriya, kuma yana iya shiga hanyar sadarwar jiragen sama. Sauraro kuwa ba ya bukatar dogon turke ko wuta mai yawa.

Ga ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ko ma wani mai gyaran rediyo a kasuwar Makarfi ko Hunkuyi, 'yar ƙaramar eriya da akwati mai kama dogon zango da kwamfuta sun isa a fara. Yawancin masu wannan sauraro suna Turai ne da Arewacin Amurka, don haka duk saƙon da aka kama daga arewacin Nijeriya zai ƙara wa masu bincike sanin yadda waɗannan igiyoyi ke ƙetare hamadar Sahara.