Daga fagen daga zuwa dajin farauta: Tarihin bindigar soja da aka sauya wa fasali da matsayinta a doka

A Gombe, kamar sauran garuruwan Arewa maso Gabas, maharba da 'yan banga sun daɗe suna taimaka wa jami'an tsaro, musamman tun hare-haren Boko Haram a Nafada da Ashaka a Nuwambar 2014, da wanda aka kai birnin Gombe a Fabrairun 2015. Wannan ya sa batun irin bindigar da doka ta halatta wa farar hula ya zama abin da ya kamata kowa ya fahimta. Daga cikin makaman da ke rikita mutane akwai tsohuwar bindigar soja mai sakata da aka mayar ta farauta.

Ana kiran ta mai sakata ne saboda wani ƙarfe mai mariƙi da ake ja baya da hannu don fitar da kwanson da aka harba, a tura gaba don ɗura sabon harsashi, sannan a kulle, kamar sakatar ƙofa. Cikin bututunta akwai murɗaɗɗen zane da ke juya harsashi ɗaya tilo, ya tafi a miƙe har ɗaruruwan mitoci. Ita kuwa ta farauta, bututunta sumul yake, tana watsa ƙananan ƙwayoyin dalma waɗanda ƙarfinsu ke raguwa bayan kimanin mita 40. Sauyin da masana'antu suka yi shi ne kawar da zanen da faɗaɗa bututun, wato rage wa bindigar nisan zango.

Abin ya samo asali ne daga tarin makaman da rundunoni suka daina amfani da su. Faransa ta fara raba wa sojojinta bindigar Gras a 1874, amma zuwan Lebel a 1886, mai aiki da albarushi marar hayaƙi, ya sa ta zama tsohon yayi. Masana'antun Saint-Étienne a Faransa da Liège a Beljiyam suka mayar da da yawa daga cikinsu na farauta, suka sayar da araha. Afirka ta Yamma ta san Gras sosai, domin maƙeran Samori Ture sun riƙa ƙera irinta kafin Faransawa su kama shi a 1898.

Haka aka yi a Jamus bayan yarjejeniyar Basai ta 1919, wadda ta ƙayyade sojojin ƙasar zuwa 100,000. Bindigogin Mauser da suka rage aka sauya su, aka fito da su kasuwa da sunaye irin su Geha da Remo, masu ɗaukar harsashi biyu. A Indiya kuma, masana'antar Ishapore ta mayar da Lee-Enfield, mai cin harsashi 10, zuwa mai cin ɗaya ƙirar .410, aka toshe gidan harsashinta da katako, aka ba 'yan sanda da masu gadin kurkuku. Lee-Enfield ɗin ce sojojin Najeriya suka riƙe a Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma dattawa na tunawa da ita a hannun 'yan sanda da sunan Mark 4.

Bambancin bututu mai zane da sumul tsohon lamari ne a siyasar makamai. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, ta bar wa 'yan ƙasa bindigar toka da albarushin kasuwa. An ga sakamakon wannan rata a ƙasar Gombe ranar 27 ga Yuli, 1903, a yaƙin Burmi da ke ƙaramar hukumar Funakaye ta yanzu, inda dakarun Birtaniya suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya tare da ɗaruruwan mabiyansa.

Dokar Bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta raba makamai gida uku. Na farko su ne haramtattu, ciki har da bindigogin soja ƙirar 7.62, 9, .300 da .303, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da lasisinsu. Na biyu su ne na ƙashin kai, kamar bindigar farauta, da ke ƙarƙashin Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne waɗanda ake ɗura wa ta baki, kamar bindigar toka, da ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha.

A nan ne gizo ke saƙa. Dokar ta cire bindigar farauta mai sarrafa kanta, da mai kowace irin na'urar sake ɗuri, daga rukuni na biyu, kuma duk abin da bai shiga na biyu ko na uku ba ya faɗa cikin haramtattu. Don haka sumul ɗin bututu kaɗai bai isa ya wanke bindigar da ke da sakata da gidan harsashi ba. Hukuma ce ke tantance rukuninta, ba mai ita ba. Mallakar haramtacciyar bindiga ba da lasisi ba na jawo ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Dokar ta kuma hana ƙira ko gyaran bindiga ba tare da izini ba, da rage tsawon bututu sumul zuwa ƙasa da inci 20.

Bayan doka akwai haɗarin rai. Faɗaɗa bututu na rage kaurin ƙarfensa, kuma a ƙirar Geha an yanke mafi yawan haƙoran gaba da ke kulle sakata. Ƙarfen da ya kusa ko ya haura shekara 100, wanda tsatsa ta ci, aka kuma ƙera shi domin albarushin da, na iya tarwatsewa idan aka ɗura masa harsashin zamani, ko ya turo sakatar baya zuwa fuskar maharbi.

A yau Cibiyar Ƙasa ta Daƙile Yaɗuwar Ƙananan Makamai, wadda aka kafa a 2021 ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, ke jagorantar tattarawa da lalata makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba, daidai da yarjejeniyar ECOWAS ta 2006. Ga iyalin da suka gaji irin wannan bindiga daga kaka tsohon soja ko maharbi, hanyar da ta dace ita ce sanar da rundunar 'yan sandan jihar Gombe domin a duba ta, maimakon kai ta maƙera ko ɓoye ta a ƙarƙashin gado, domin kasancewarta gado bai ɗauke wa magaji wajabcin lasisi ba.