Idan Boka Ya Fi Ƙarfin Tebur

Wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, ya shiga ran wasu matasanmu a nan Ingila. Wasa ne na baka da ɗan lido: jagora ya shimfiɗa labari, kowa ya ɗauki jarumi guda, wani mayaƙi, wani boka. Tsafin na tatsuniya ne, kada iyaye su tsorata.

Matsalar ita ce bokan. A bugun 2014, da ya kai mataki na 5 zai iya samun ƙwallon wuta mai babbake gungun maƙiya a jifa guda, mai takobi kuwa yana saran ɗaya-ɗaya. Yaron da ya zaɓi mayaƙi sai ya koma ɗan kallo, wani makon mu neme shi mu rasa.

Mu dai ba ma goyon bayan a ƙwace wa boka tsafinsa. Ai ƙidayayye ne, akasarinsa ba ya dawowa sai an huta awa 8. Littafin jagora na shekarar ya ƙiyasta artabu 6 zuwa 8 a yini, don haka jagoran da ke ba da faɗa ɗaya a tafi barci shi ya ɗaure wa boka gindi. A ja yinin, a sa gaggawa: fursunan da za a ceto ba zai kai asuba ba. Kafin artabu na biyar boka ya fara tsimin tsafi, yana laɓe bayan mai garkuwa.