Dokin Ƙarfe Ma Yana Son Kiwo

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Tashar Yari da sanyin safiya, ranar da kasuwar Maƙarfi ke ci, ya san rurin da nake nufi. Tun gari bai gama wayewa ba babura ke ɓullowa daga hanyoyin ƙauyuka. Wannan ya ɗora buhun masara biyu a kariya, na uku a kan tanki. Wancan ya gicciya damin rake har ya kusa cike faɗin hanya. Ga wani da kwandunan tumatir, ga wani da akuya a ɗaure tana ta kuka, ga mai goyon tsohuwa za su asibiti. Daga Gubuci, Gazara da Mayere, daga Paki da Aucan a ƙasar Ikara, daga Likoro da Hunƙuyi a ƙasar Kudan, abin hawan ɗaya ne. Aikin da jaki da doki da keke suka yi wa kakanninmu, yau babur ya haɗa shi duka ya ɗauka shi kaɗai.

Abin da ke damuna shi ne, mun gaji aikin dabbobin nan a jikin babur, amma ba mu gaji kiwonsu ba. Mai doki ba ya kwana sai ya duba ƙofato, ya zuba harawa, ya jiƙa kanwa. Mai babur kuwa ya dawo ya jingine, gobe ya buga kik ya wuce. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum.

Ba haka aka faro ba. Lokacin da kuɗin Udoji suka shigo hannun ma'aikata a 1975, malaman makaranta da malaman gona da akawuna suka sayi Honda, Suzuki, Yamaha da Vespa, kuma sun riƙe su riƙon dukiya. Babur a lokacin sai wane da wane. Da tattalin arziki ya karye bayan 1986, sai acaɓa ta zama sana'a. Wajajen shekarar 2000 baburan Sin irin su Jincheng suka cika kasuwa da araha, 'yan kasuwar Nnewi na shigo da su a kwali ana haɗawa a nan gida, daga baya Bajaj Boxer na Indiya ya zo ya mamaye karkara saboda jure kaya da ƙarancin shan mai. Da Kano ta hana acaɓa a watan Janairun 2013, samari da yawa suka dawo garuruwansu da baburansu. Muhimmancin abin kuwa ya fito fili a ƙarshen Satumbar 2021, sa'ad da gwamnatin Jihar Kaduna ta sanar da hana hawa babur na wata uku saboda matsalar tsaro. Manomin da gonarsa ke nesa da titi, da mai naƙuda cikin dare, su suka fi kowa sanin nauyin wannan sanarwa.

A fara da baƙin mai, domin nan ran babur yake. Ƙaramin inji irin na Boxer kusan lita ɗaya kacal yake ɗauka, kuma wannan litar ayyuka uku take yi a lokaci guda: tana shafe fistin da ringi da sauran ƙarafan inji, tana shafe giya, tana kuma jiƙa kuloci. A mota an raba waɗannan ayyuka, man inji daban, man giya daban. Ga shi irin wannan ƙaramin injin ba shi da lagireto, iskar tafiya ce kawai ke sanyaya shi, sai man ya taya ta kwashe zafi. Shi ya sa man yake saurin mutuwa. In ya tsufa sai ya tsinke kamar ruwa, ya yi baƙi ƙirin, ya cika da garin ƙarfe, ya koma yana cin abin da aka zuba shi ya kare. 'Yan acaɓa da suka san ciwon kansu sati-sati suke juye, wasu kwana goma. Manomi ko malamin makaranta da tafiyarsa ba ta kai tasu ba yana iya ja fiye da haka, amma ba har sai inji ya fara ƙara ba. Littafin da ke zuwa da babur da kilomita yake lissafi, mu kuwa yawancin agogunan baburanmu sun daɗe da mutuwa, don haka ya fi sauƙi mutum ya ɗaure juyensa da ranar kasuwa, ya san duk kasuwa biyu ko uku zai tsaya gareji.

Akwai kuma irin man. Na awo da ake tsiyayowa daga duro a zuba a gora, ba wanda zai rantse maka da asalinsa, wani ma tsohon juye ne aka tace. Na mota kuma, wasu nau'o'insa an sa musu sinadarin ƙara santsi, wanda ke sa kulocin babur zamewa: ka murɗa totur, inji ya yi ihu, babur bai ƙara sauri ba. Wanda ya iya karanta jikin gwangwani ya nemi alamar 4T da JASO MA, ya tabbatar murfin bai taɓa buɗuwa ba.

Ni kaina da tsada na koyi darasin ƙura. Wata shekara da hunturu ina dawowa daga Ikara da yamma, babur ya fara shaƙewa a hawa, yana tafiya kamar ana riƙe shi ta baya, ga baƙin hayaƙi. Da ƙyar na lallaɓa zuwa inuwar wata bishiyar mangwaro inda wani dattijon bakanike ke aiki da yaransa biyu. Na ce masa kafireto ne, ya kwance ya wanke. Bai ce mini komai ba. Ya ɗauki sifana ya ciro fulogi, ya kawo shi dab da fuskata. Bakinsa ya yi baƙi da busasshen kunkunniya kamar gindin tukunya.

"Malam, yaushe rabonka da buɗe nan?" Ya ƙwanƙwasa akwatin da ke gefen inji, inda soson tace iska yake.

Na ce, "Baba, gaskiya tun da na saya ban taɓa buɗewa ba."

Ya kwance sukurori, ya zaro soson. Ya zama kamar ɗanyen tubali, jar ƙasa ta toshe shi ciki da bai. Ya miƙa wa yaronsa ya wanke da kananzir, ya matse a tafin hannu ba tare da murɗewa ba, ya bar shi ya sha iska, sannan ya ɗiga masa baƙin mai kaɗan ya mulmula har ya game. Ya goge fulogin ya mayar. Kik ɗaya babur ya tashi, sautinsa ya dawo sumul. Ya ce inji ma numfashi yake, in ka toshe masa hanci sai ya yi ta haɗiyar fetur ba iska.

Daga baya na gane cewa na yi sa'a. Toshewar soso ta fi yagewarsa sauƙi. Waɗanda ke cire shi gaba ɗaya don babur ya ƙara gudu, ko su bar shi a yage, ƙurar hunturu suke shayar da inji kai tsaye, ita kuwa tana shiga ta zama kamar yashin wanke tukunya tsakanin ringi da bulo. Cikin 'yan watanni sai shuɗin hayaƙi, sai baƙin mai ya riƙa raguwa ba yoyo, sai a ce a sauke inji. Fulogin ma littafi ne ga mai iya karantawa: in bakinsa ya yi ruwan ƙasa-ƙasa lafiya lau, in ya jiƙe da mai ringi ya tafi, in ya yi fari fat inji na ƙuna.

Wannan farin fulogin ya yawaita tun bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta haura 1,000. Ba na ganin laifin talakan da ya je wurin bakanike ya ce a matse masa kafireto don ya rage shan mai. Matsi ne ya kai shi. Sai dai in aka matse fiye da kima, fetur ya yi wa iska kaɗan, wuta na ƙara zafi, bawul ya ƙone, abin da aka tara a wata uku ya tafi rana ɗaya a shagon kayan gyara na Sabon Garin Zariya. Hanyoyin rage shan mai na gaskiya ba su da armashi: iskar taya ta cika, soso ya zama mai tsabta, birki kada ya riƙe, hannu ya yi sanyi a kan totur. Shi kuma man 'yan bumburutu, wanda a ƙauyuka da yawa ba makawa sai shi, aƙalla a ɗaga kwalbar a duba a rana. Ruwa ya fi fetur nauyi, a ƙasa yake kwanciya, ana ganinsa.

Cen ba ya buƙatar dogon bayani. Ya yi lilo kamar faɗin yatsu biyu a tsakiya, kada ya ɗaure tamau, domin in aka ɗora kaya babur ya zauna, ƙara ɗaurewa yake yi har ya ci boris. In haƙoran da yake hawa sun yi tsini sun lanƙwashe, a canza su tare da shi, sabon cen a kan tsofaffin haƙora ba ya kai labari.

Inda na fi tausaya wa babur shi ne wurin matsar rake. A ƙasar Maƙarfi da Kudan, inda mazarƙwaila ta zama sana'ar gado, doki ne a da ke zagaya injin matsa. Yanzu a wurare da dama an ɗaura babur a jikin dogon itacen, yaro na kai yana zagaye tun safe. Nan dokin ƙarfe ya amsa sunansa sosai. Amma duba halin da yake ciki: ƙaramar giya, nauyi mai yawa, tafiya a hankali, babu iskar da za ta ratsa haƙarƙarin inji. Dokin gaske in ya yi gumi ana kwance shi a ba shi ruwa, a sa wani. Babur ba ya gumi a gani, shi ya sa ba a tuna hutar da shi. Wanda ke wannan aiki ya kamata juyensa ya fi na ɗan acaɓa ma sauri, ya riƙa kashe inji yana hucewa, kuma kada a kwara masa ruwan sanyi yana da zafi.

Damina kuma da nata. Laka na cike tsakanin haƙarƙarin inji ta bushe ta zama bargo, a kankare ta. In babur ya mutu a tsakiyar rafi, kuskure mafi muni shi ne a yi ta buga kik. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, in ya shiga kan fistin yana iya lanƙwasa ƙarfen da ke riƙe da shi. A tura shi tudu, a cire fulogi, a buga kik ruwan ya fita ta ramin, a tsiyaye kafireto, sannan a duba baƙin mai. In ya koma kamar shayi da madara, sai juye nan take.

Akwai masu son babur so na gaskiya a garuruwan nan, kuma ina jin daɗin zama da su. Za ka gan su da yamma a bakin rafi ko gindin famfo, ana wanke ƙafafun babur ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshi, ana gardamar wanne ya fi jan kaya a yashi, wanne ya fi laushin zama a doguwar tafiya, wa ya je Kano ya dawo da lita nawa. Wani shekara guda bai cire ledar kujera ba. An sa geza, an sa fitilu masu launi, an rubuta addu'a ko kirari a bayan kariya. Cikinsu akwai masu kunnen da daga nesa za su ce maka bawul ɗin wane ya saki. Irin wannan kunne shi nake so ya yaɗu.

Amma cikin su ɗin ne kuma wasu al'adu suka yi jijiya, kuma ba zan ɓoye ƙin su da nake yi ba. Ana cire madubai ranar da aka sayi babur, wai na tsofaffi ne. Ana sassauta birkin gaba ko a tsinke wayarsa, wai yana kayar da mutum. Alhali in ka taka birki nauyi gaba yake komawa, tayar gaba ce ke da mafi yawan ƙarfin tsayarwa. Abin da ke kayarwa shi ne damƙe shi farat ɗaya, musamman a yashi ko a kwana. Maganinsa koyo ne a fili, a hankali, a haɗa shi da na baya. Wanda ya ɗauko buhu uku ya gangaro titin Zariya zuwa Kano, tsakanin tireloli, da birkin baya kaɗai, ko rabin birki ba shi da shi.

Hular kwano ma haka. Da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sa ta ranar 1 ga Janairun 2009, har ƙwarya wasu suka kifa a ka don kauce wa kamu, aka yi ta raha. Waɗanda suka taɓa raka ɗan'uwa asibitin koyarwa na Shika da rauni a ka ba su ga abin dariya a ciki ba. Sai wasan babura a bikin aure, inda ake ɗaga tayar gaba, a tsaya a kan kujera, a yi ta kwana a tsakiyar taron yara. Na san daɗin da ke cikin gwaninta, kuma mu jikokin masu sukuwa ne. Amma sukuwa tana da filinta, tana da masu tsare hanya. Iyayen ango da masu unguwanni suna da bakin da za su ce a fita bayan gari, kuma ana jin maganarsu in sun yi.

Kwanakin baya na sake bi ta gindin mangwaron nan. Dattijon na zaune a kan benci, ɗaya daga cikin yaran nan biyu ya zama shi ne mai riƙe da garejin. Wani manomi ya kawo babur da kwandunan inabi na Kudan a ɗaure a baya, an shimfiɗa musu ganye, yana sauri ya kai titi kafin rana ta yi zafi. Ya ce a ɗaure masa cen kawai. Saurayin ya ɗaure, sannan ya zaro ma'aunin baƙin mai ya goga a yatsa, ya murza, ya nuna masa.

"Kawu, wannan ba zai kai ka Zariya ya dawo da kai ba."

Manomin ya dubi rana, ya dubi kwandunansa, ya sauke su a inuwa ɗaya bayan ɗaya. Yaron gareji ya jawo tsohon galan da aka yanke, ya tura ƙarƙashin inji.