3.2 Awon Mita da Awon Inci a Masana'antu da Sana'o'in Kudancin Kogin Kaduna

Kamar yadda aka yi bayani a babin da ya gabata, Turawan mulkin mallaka ne suka kawo awon inci da ƙafa da yadi da mil ƙasar Hausa. A shekarar 1974 gwamnatin soja ta kafa dokar ma'aunai wadda ta mayar da Nijeriya kan tsarin mita da kilo da lita. Sai dai har yau tsofaffin ma'aunan ba su bar bakin ma'aikata ba, musamman a Kakuri da Makera da kewayensu.

Dalilin haka kuwa shi ne masana'antun wannan yanki ba tushensu ɗaya ba. Masaƙar KTL, wadda aka buɗe a Kakuri a 1957 da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila, ta tashi ne a kan yadi. Haka ma layin dogon da ya ratsa yankin, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067. Shi kuwa kamfanin Peugeot, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, da awon Faransa ya zo, inda ake auna kowane noti da milimita. Ke nan unguwa ɗaya ta horar da ma'aikata iri biyu.

Matsalar takan taso ne a inda tsarin biyu suka haɗu. Alal misali, rabin inci milimita 12.7 ne. Idan bakanike ya ɗora sufana mai lamba 13 a kan notin rabin inci, za ta shiga, amma da ɗan sako-sako, kuma idan ya matsa da ƙarfi sai ta cinye kan notin. Haka nan turmin atamfa yadi 6 ne, wato kimanin mita 5.49. Telan da ya ɗauki yadi a matsayin mita zai tarar da giɓin fiye da rabin mita a turmi guda.

Abin ya fi muni a harkar filaye. Dillali yakan sayar da fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100, wanda ya kai murabba'in mita 464 da ɗoriya. Idan aka rubuta shi a takarda a matsayin mita 15 da mita 30, ya koma murabba'in mita 450. Irin wannan ɗan bambanci ya isa ya haddasa rikicin iyaka tsakanin maƙwabta.

A wajen gini kuwa, injiniya yakan zana taswira da milimita, amma magini bulo mai inci 9 ko inci 6 ya sani, kafinta kuma ƙusa mai inci 3 yake saye.

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa doka ta sauya awon takarda, amma ba ta sauya na kasuwa ba. Don haka ya wajaba makarantun koyon sana'a su koyar da tsarin biyu tare da hanyar juya ɗaya zuwa ɗaya. Sashe na gaba zai dubi mudu da tiya.