Kisan da Babu Gawa

Ga kacici-kacici, mai karatu, kuma kada ka yi saurin ba ni gari. Wani abu ne da ake ƙone shi ƙurmus kowace shekara, kuma kowace shekara sai ka tarar da shi tsaye a daidai inda aka bar tokarsa. Ya girmi wasu masu gemu, amma tsayinsa bai wuce ƙugunka ba. Mene ne?

Riƙe amsarka tukuna. Bari in kai ka inda abin ya faru.

A arewa maso gabashin Afirka ta Kudu akwai gandun dajin Kruger, fili kusan hekta miliyan biyu, gidan giwaye da ɓauna da jakunan dawa. Masu kula da shi sun daɗe suna gardama a kan wuta: a riƙa cinna wa dajin da gangan, ko a hana? A 1954 suka ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Suka yanka filaye sama da 200, kowanne kusan hekta 7, a yankuna huɗu: Pretoriuskop mai yawan ruwan sama, da Skukuza, da Satara, da Mopani mai ƙarancinsa. Wasu filayen ana ƙone su duk shekara a watan Agusta, lokacin da rani ya tsananta a can, ciyawa ta bushe ƙayau. Wasu sai bayan shekara biyu ko uku, a watanni daban-daban. Wasu kuwa aka share musu hanya kewaye, aka ce wuta ba za ta ƙara shiga ba. Cikin abin da ake so a sani har da ko wuta za ta iya tare ƙananan itatuwa masu kutsawa cikin makiyaya suna kashe ciyawa. Ɗaya daga cikin manyan masu laifin ma ɗan gida ne a wurinmu: ɗunɗu, mai ƙaya da fure kala biyu, wanda duk makiyayin ƙasar Hausa ya san shi.

Aka yi ta ƙuna, shekara bi shekara. Masu kunna ashanar farko suka tsufa, wasu suka karɓa. A 2007 wani masani, Steven Higgins, da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon kwatanta ƙidayar itatuwa ta shekarun 1950 da ta shekarun 1990. Kowa ya san abin da hankali zai ce: filin da ya sha wuta sau arba'in ya kamata ya zama kamar kan da aka yi wa ƙwal-kwabo. Ƙidaya ta ce a'a. Yawan itatuwan bai bi yawan wutar ba. Ko an ƙone fili duk shekara, ko jefi-jefi, ko ba a taɓa shi ba, wutar ba ta rage adadin tushen itatuwan yadda za a ce ga aikinta ba.

An yi kisa shekara arba'in a bainar jama'a, amma da aka zo ƙirga gawa, babu. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Wadda na fara zargi ita ce wutar kanta. Wataƙila raggon wuta ce, irin wadda ke lasar ciyawa ta wuce kamar mai gudun bashi. Zargin yana da ƙafa, domin wutar ciyawa ba ta daɗewa a wuri ɗaya. Kafin ka juya ta yi gaba. To amma ka je filin washegari, ko ka je kowane dajin da aka ƙone a ƙasarmu cikin hunturu. Kama ɗan itacen da bai wuce kaurin yatsa ba. Ganyen ya kakkaɓe, jikin ya yi baƙi. Kankare shi da farce, ba za ka ga kore ba. Bayan mako biyu ka tanƙwara shi, sai ka ji ƙaras. Ya mutu, babu tantama. Wuta ta yi aikinta. Na sallame ta.

Na biyu, ɓawo. An san manyan itatuwan daji da sulkensu. Dubi kaɗanya, dubi danya, wadda ita ma tana nan da yawa a Kruger, giwaye na rububin 'ya'yanta. Rayuwar itace tana cikin wani siririn shimfiɗe mai danshi tsakanin ɓawo da icen ciki, kuma zafin da ya kai maki 60 a ma'aunin salshiyos ya isa ya kashe shi. Ɓawo mai kauri yana jinkirta zafin har wutar ta wuce. Biri ya yi kama da mutum, ko? Sai dai sulken na manya ne. Ɗan tsiron da muke magana a kai ɓawonsa bai fi fatar albasa ba. Kuma mun riga mun ga gawarsa da idonmu. Ɓawo ma ya fita.

Na uku ya fi su wayo, kuma na daɗe ina riƙe da shi. Iri. Ka ce wuta tana kashe ɗari, ƙasa tana haifo ɗari. Ƙwayar ɗunɗu mai taurin kai ce, takan kwanta a ƙasa tana jira. Dabbobi suna cin kwanson suna baza ta cikin kashinsu. Giwa tana haɗiye 'ya'yan danya ta je ta sauke su nesa. Ke nan sojojin da muke ƙirgawa bana ba su ne na bara ba, sababbin ɗauka ne. Lissafin ya zauna daram. Har na fara naɗe tabarma.

Sai wani abu ya tsaya mini a rai.

Koma filin bayan 'yan makonni. Ruwa bai sauka ba tukuna, ƙasa baƙa ƙirin. Amma ga kore. A ina? A gindin sandar nan da ta mutu. Duba da kyau. Toho ne, biyar ko shida, daga wuri ɗaya, kowanne da ƙarfinsa. Ƙwaya ba ta tsira cikin busasshiyar ƙasa. Ƙwaya ɗaya ba ta fid da kai shida. Jariri ba ya zuwa duniya da ƙwanji.

To wa ke ciyar da su?

Ana zaton wuta a maƙera. Mu duba masaƙa.

Kawo diga.

Ni na taɓa yin wannan haƙan, tun ban san sunan Kruger ba. Akwai wani kalgo a tsakiyar gonarmu da muke sarewa duk lokacin sassabe, mu tara kara a kansa mu banka wuta. Damina na faɗuwa sai ya dawo, kamar mun yi masa aski. Wata shekara na ce sai na ga bayansa. Na fara da hantsi. Abin da ke sama bai fi kaurin sandar makiyayi ba, don haka na ɗauka aikin rabin awa ne. Na haƙa taki ɗaya, sai digar ta yi tsalle a hannuna. Na share ƙasar da tafi. Wani dunƙulallen kututture ne kamar turmin da aka kife, duk jikinsa tabon sara da ƙuna na shekaru, kuma daga ƙarƙashinsa wata saiwa mai kaurin taɓarya ta miƙe ƙasa. Aka kira azahar ramin ya kai mini cinya, saiwar ko alamar sirancewa ba ta yi ba. Mahaifina ya leƙo, ya yi dariya, ya ce, "Kai yaro, wannan ya riga ka zuwa gonar nan."

Amsar ke nan. Itacen yana ƙasa. Abin da wuta ke ci a sama reshe ne kawai.

Ƙasa ba ta barin zafi ya ratsa ta da sauri. Wutar ciyawa na iya yin ɗaruruwan maki a sama, amma ɗan yatsa kaɗan a ƙarƙashi da ƙyar ƙasar ke yin ɗumi. A nan itacen ya ɓoye idanun tohonsa, a wuyan saiwa. A nan kuma ya gina rumbunsa. Duk damina ganye na haɗa abinci daga hasken rana, itacen na tura wani kaso ƙasa yana tarawa a matsayin sitaci. Wuta ta zo ta share sama, sai ya buɗe rumbu ya ciyar da sabon toho tun kafin ruwa, lokacin da ciyawar da ke masa kishiya ba ta farfaɗo ba. Binciken da aka yi a KwaZulu-Natal a kan wata ƙaya dangin bagaruwa ya nuna cewa cikin shekara guda takan mayar da abin da ta ɗiba. Kafin wuta ta gaba, rumbu ya sake cika. Kaɗanyarmu ma ta fi haka dabara: idan ƙwallonta ya tsira, yakan fara tura idon tohon cikin ƙasa, daga can ƙasan ne kan zai fito. Tun ranar haihuwa ta haƙa maɓoyarta.

Masanin tsirrai William Bond na Jami'ar Cape Town da abokinsa Brian van Wilgen sun raɗa wa irin waɗannan itatuwa suna Gulliver, sunan matafiyin nan na labarin Jonathan Swift wanda 'yan mitsi-mitsin mutane suka ɗaure da zare yana barci. Ƙato ne a kwance, ciyawa da wutarta sun ɗaure shi. Yakan yi shekaru gommai a haka.

To ke nan ƙunar banza ce? Tsaya, da sauran rina a kaba.

Ƙidayar nan ta Kruger ta faɗi abu na biyu. Wuta ba ta canza adadi ba, amma ta canza tsayi. A filayen da ake yawan ƙonewa, ƙananan itatuwa ne suka cika wurin. A waɗanda aka hana wuta, musamman inda ruwa ke da yawa, itatuwan sun miƙe sun yi kauri sun haɗe kai. Mun ɗauki wuta hauni, ashe yari ce. Ba ta cika kashewa ba, tsarewa take yi. Kuma katangar gidan yarin tana da tsayi sananne, wajen mita biyu zuwa uku. Itacen da ya kai kansa sama da harshen wuta, jikinsa ya yi kaurin da ɓawo zai kare shi, ya tsira. Daga ranar zai yi fure, ya zuba iri, inuwarsa ta rage ciyawar gindinsa, wutar da za ta zo masa ta ƙara rauni.

Shi ya sa duk shekara ake tsere. Fursuna ya zaɓi sanda ɗaya, ya zuba mata duk abin da ke rumbu, ta miƙe tsaye ba rassa. Mita ɗaya. Ɗaya da rabi. Wuta ta zo. A koma farko. Sai shekarar da mai gadi ya yi gyangyaɗi.

Me ke sa shi gyangyaɗi? Abincin wuta ciyawa ce. Idan dabbobi suka cinye ta ƙarƙaf, ko fari ya hana ta fita, wutar ba za ta samu abin ci ba. Haka idan aka ƙone da wuri ciyawa na da sauran danshi, harshen ba ya tashi sama. 'Yan shekaru kaɗan na irin wannan sun isa dubban fursunoni su haure katanga tare. Mai kallo zai ce daji ya mamaye makiyaya dare ɗaya, alhali maharan sun shekara ashirin a cikin gida. Bond da wasu masana suna ƙara wani zargi a kan iskar kabon, wadda ta tashi daga kusan 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 a yau: tana taimaka wa itace ya cika rumbu da sauri.

Ko za a ƙara wa wutar zafi ta koma hauni? An gwada a kudancin Kruger a 2010 da 2013, aka cinna wuta mai tsanani da gangan. Da farko sarƙaƙiyar ta ragu, amma manyan itatuwan da ake so a bari su ma suka tafi, kuma da aka koma bayan shekara goma ƙananan sun dawo. Wuta tana kisa na gaskiya a wuri biyu. Na farko, ɗan tsiron da bai riga ya gina rumbu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na biyu, itacen da ba ya toho daga gindi. A makiyayar Kansas ta Amurka akwai wani itace mai ganye kamar allura da ke cinye filayen kiwo. Shi idan wuta ta ci kansa yana ƙarami, shi ke nan, domin bai ajiye komai a ƙasa ba. Ashana ɗaya ce, amma sakamakon ya danganta da abin da ke ƙarƙashin ƙafarka.

Wannan sirrin da ke hana masu gandun Kruger barci, a Jamhuriyar Nijar arziki ya zama. A 1983, wani ɗan Ostireliya mai aikin gona a yankin Maraɗi, Tony Rinaudo, ya tsaya rage iskar taya a kan hanyar rairayi, ya lura cewa 'yan kurmin da ke warwatse a gonaki tohon tsofaffin kututture ne. Manoma suka fara zaɓar sanda ɗaya ko biyu a kowane gindi, su sare sauran, su kare ta daga wuta da awaki. Suka kira shi sassaben zamani. An ƙiyasta itatuwa miliyan 200 sun tashi a kan hekta miliyan 5. Fursunan ɗaya ne. A can ana ƙara masa kwaɗo, a nan an buɗe masa ƙofa.

Kalgon gonarmu kuwa, na mayar da ƙasar na rufe ramin. Da damina ya fito da kai bakwai.

Idan ba ka canki kacici-kacicin ba tun farko, to ba ni gari. Maraɗi nake so.