Rikicewar Al'ada ga Mata Masu Ciwon Tsiro

Jama'a, karatunmu na yau a kan lafiyar mata ya ke. Magana ce da a ke jin kunyarta, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maza su saurara, mata su saurara, don abin ya shafi gida duka.

Akwai wani ciwo da likitoci ke kira tuberos sikilerosis. Mu a nan mu kira shi ciwon tsiro. Wani likitan Faransa mai suna Burnabil shi ya bayyana shi a shekarar 1880. A cikin jarirai 6,000, wajen ɗaya ne a ke haifa da shi. Ba a ɗaukarsa wurin cin abinci ko zama tare. Wani ya kan gada daga uwa ko uba, amma biyu cikin uku haka nan ya ke same su, ba wanda ke da shi a dangi. Saboda haka ba laifin uwa ba ne, ba kuwa sammu ba ne.

Ciwon ya kan sa ƙananan tsiro su fito a fata, da ƙwaƙwalwa, da ƙoda, da huhu. Ga alamun da ido ke gani. Na fari, tabo fari mai siffar ganye a jikin yaro. Mutane su kan ce kyasbi ne ko kuturta. Amma tabon kuturta ba ya jin taɓi sosai, wannan kuwa yana ji. Na biyu, ƙuraje ja-ja a kan hanci da kumatu, waɗanda ba su wucewa kamar ƙurajen balaga. Na uku, farfaɗiya. Wajen takwas cikin goma na masu ciwon suna da ita. Farfaɗiya daga ƙwaƙwalwa ta ke, kuma yawun mai ita ba ya sa wa kowa.

To, mu koma kan al'ada. Mace mai lafiya ta kan ga jini bayan kwana 21 zuwa 35, a ƙirga daga ranar da wancan ya fara. Jinin ya kan yi kwana 2 zuwa 7. Matanmu sun saba ƙirga, saboda salla da azumi. Wadda ta karanta Ahalari ta san iyakar haila kwana 15 ce, abin da ya wuce haka jinin ciwo ne. Malam zai gaya mata hukuncin salla. Likita kuwa shi zai duba dalilin jinin. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

A shekarar 2013 likitoci a Amurka suka tambayi mata masu ciwon tsiro labarin al'adarsu. Wajen ɗaya cikin uku suka ce tana rikice musu. Wata ta kan yi watanni ba ta gani ba. Wata jinin ya kan yi mata yawa. Wata kuma yau ya zo da wuri, gobe ya makara.

Me ke kawo haka? Ƙwaƙwalwa ce ke aika wa ƙwan mace da saƙo kowane wata, sa'an nan mahaifa ta zubar da jini. Farfaɗiya ta kan dagula wannan saƙo. Magani ma ya kan taɓa shi. Maganin farfaɗiya da a ke rubuta wa Epilim a jikin kwali ya kan sa ƙiba, ya jinkirta al'adar waɗansu mata. Maganin rage tsiro, watau sirolimus da ɗan'uwansa eberolimus, shi ma ya kan tsai da ita. Waɗansu matan kuma farfaɗiyarsu ta fi tashi gab da zuwan jinin.

Nan ne a ke cutar bayin Allah. Budurwa ta yi wata uku ba ta ga jini ba, sai gida ya ɗauki zargi, a ɓata mata suna. Matar aure kuma a ce kwantaccen ciki gare ta, a zauna ana jira shekara guda. Wata a dama mata kanwa ko jiƙo wai don jinin ya sauko, alhali ƙodarta ba lafiya. Awon fitsari kaɗan a asibiti ya isa ya nuna ko ciki ne ko ba ciki ba. Kada mu yanke hukunci kafin awo.

Ga abin da ya kamata mu yi.

1. Mu rubuta. Yanzu mun iya lambobi. Mace ta sami takarda, ta rubuta ranar da jini ya fara da ranar da ya ɗauke. In ta faɗi, ta sa alama a ranar. Wannan takarda ta fi dogon bayani a gaban likita.

2. Kada ta bar maganin farfaɗiya da kanta. Barinsa farat ɗaya ya kan tayar da farfaɗiya mai tsanani, mace ta faɗa wuta ko rijiya. Likita ne kaɗai zai rage ko ya sake. Mu da ke Runka da ƙauyukan gefen Dajin Rugu, mu sayi wani tun na hannu bai ƙare ba, don ba kullum tafiya ke yiwuwa ba.

3. Mai son haihuwa ta ga likita tun ba ta ɗauki ciki ba. Epilim yana iya lahanta jariri a ciki. Tsiron ƙoda kuma yana iya girma lokacin goyon ciki. Da yawa masu ciwon sun haihu lafiya, da ya ke an lura da su.

4. Mai son tazarar haihuwa ta faɗa wa malamar asibiti ciwonta da maganin da ta ke sha. Tegretol da finobabiton su kan rage ƙarfin ƙwayar tazara. Waɗansu ƙwayoyin kuma ba su dace da mai tsiro a huhu ba. Akwai hanyoyin da suka dace da ita.

5. Wadda jini ke yi wa yawa ta ci zogale, da wake, da alayyafo, da hanta in an samu, kuma a auna jininta.

A tafi asibiti in al'ada ta ɗauke wata uku, ko ta wuce kwana bakwai tana zuba. Amma in mace ta ji ciwo mai tsanani a kwiɓi, ko ta ga jini a fitsari, ko numfashi ya sarƙe mata, to, ba a kwana. A fara da asibitin da ke kusa, ko babban asibitin Dutsin-ma ko na Batsari. In abin ya fi ƙarfinsu, su kan ba da takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, inda a ke hoton ƙoda da ƙwaƙwalwa.

Maigida, kai ne mai ba da izini da kuɗin mota. In iyalinka ta yi ƙarfin hali ta gaya maka, kada ka ce al'amarin mata ne. Uwa, ki riƙa tambayar ɗiyarki a asirce, ki raka ta. Ciwon tsiro ba a warkar da shi ɗungum, amma da magani da lura mace ta kan yi aurenta, ta yi sana'arta, ta tsufa cikin jikokinta. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.

Tambayoyi: Kwana nawa al'ada ke yi? Waɗanne alamu uku ne na ciwon tsiro? Don me ba a barin maganin farfaɗiya farat ɗaya?